Farantin da Na Ɓoye Miki

Kin rasu ranar Talata, sha huɗu ga watan Oktoba, wajen ƙarfe tara na safe. Ni ban sani ba sai ranar Alhamis. Kwana biyu cur ina yawo a duniyar da babu ke a cikinta, ina cin abinci, ina faɗa da mai ɗakina a kan gishiri, har ina tsara maganar da zan gaya miki idan mun haɗu. Daga Allah muke, gare shi kuma za mu koma. Wannan na sani tun ina yaro, kuma na faɗe shi a kan mutane ba adadi. Amma da aka ce mini ke ce, bakina ya kasa haɗa kalmomin, sai da wani ya fara sannan na bi shi.

Shekarunki talatin da takwas, nawa sittin da huɗu. An ce kin sauke yara a makaranta, kin iso wurin aiki, kin rataye jakarki, kin ce wa abokiyar aikinki kanki yana sarawa. Ta je ta ɗebo miki ruwa. Ba ki karɓi kofin ba. Jijiya ce ta fashe a kanki, wato ɗan'uwan ciwon da ya kayar da ni a ƙarshen bara ya bar ni da raina. Ke kuwa aikinki ke nan, tayar da waɗanda wannan ciwo ya kayar. Na juya maganar nan a kaina ta kowane ɓangare, har yau ta ƙi zama.

Ina wannan rubutu ne don wanda bai san ki ba ya san wace ce aka rasa. Kuma akwai wata magana da na riƙe miki, wadda ya kamata in faɗa tun kina iya ji. Tun da ban faɗa miki ke kaɗai ba, yanzu sai in faɗe ta a gaban kowa.

Ga wanda bai san ta ba: ma'aikaciya ce a sashen motsa gaɓɓai na asibiti, inda ake koya wa wanda ɓarin jikinsa ya shanye yadda zai sake tafiya, ya sake riƙe cokali. Mu da muke jeruwa a bencin ƙofarta muna kiranta Malama Sake, don ba ta da wata kalma da ta fi wannan. Ka ɗaga hannu da ƙyar, gumi na zuba, kana jiran a ce sannu, sai ka ji, "Sake." Ta san da sunan, kuma ko a jikinta.

Ni kuwa ma'aikacin gidan burodi ne. Shekara talatin da huɗu na yi a bakin teburin kwaɓi, ashirin daga ciki ni ne babba a kan masu murza. Ba yabon kai ba, idan na ɗora tafin hannuna a kan kwaɓi ina gane ko saura minti nawa ya isa. Kuma ina da wata doka da duk wanda ya yi aiki a ƙarƙashina ya haddace: burodin da ya karkace, ko ya tsage, ko ya ƙone a gefe, ba ya fita ƙofa. Na sha mayar da gwangwani ashirin a lokaci guda, masu jira a waje suna ta ƙorafi. Wata safiya ina tsaye a wannan teburi hannuna na dama ya sulale daga kan kwaɓi, na bi shi ƙasa. Ƙafar ta dawo bayan wata uku, da taimakon sanda. Hannun ya ƙi. Yatsun suka dunƙule a tafi kamar na wanda ya riƙe abu ya ƙi saki.

A haka aka kawo ni gabanki, ina cike ina batsewa. Kin tuna ranar farko? Kika miƙo mini wata ƙwallon roba ja kika ce in matsa. Na dube ta, na dube ki, na wurga ta da hagu har ta shige ƙarƙashin gado. Na ce ni ba jariri ba ne. Na zaci za ki kira wani ya fitar da ni. Sai kika durƙusa kika zaro ƙwallon, kika jefa ta a aljihun tebur, kika jawo kujera kika zauna daf da ni. Kika buɗe yatsuna ɗaya bayan ɗaya, kika ga farcen ya yi tsawo har ya huda mini tafi, abin da ko ni ban lura da shi ba. Kika ɗauko abin yankan farce kika yanke su da kanki. Sai da kika gama sannan kika ce, "Baba, da wannan hannun me kake yi kafin ya kwanta?"

Daga baya na gane kowa sai kin yi masa wannan tambaya, kuma daga amsarsa kike haɗa masa magani. Akwai wani direban babbar mota da ya riga ni fara zuwa, shi kwaɗo da makulli kika ba shi, ya yi ta buɗewa yana rufewa. Wata tela kuwa almakashi da tsumma. Wani malamin makaranta sai da kika sa aka kafa masa allo a bango, kika sayo alli da kanki, kina ɗaga allon sama kaɗan-kaɗan duk mako har kafaɗarsa ta miƙe bai sani ba. Ba ki taɓa kallon ɗayanmu a matsayin ɓarin jiki da ya lalace ba. Kuma ba kya yi mana daɗin baki. Ni kin gaya mini tun farko: "Baba, ba zan rufe ka ba. Yatsun nan idan ba ka sa su aiki ba, za su ƙage a haka, kuma daga nan ba ni ba, ba wani likita da zai buɗe su."

Mako na uku kika zo da wani abu a nannaɗe cikin takarda kika ajiye a gabana. Burodi ne shimfiɗaɗɗe, kaurin yatsa biyu, samansa duk ramuka, yana ƙyallin mai. Na juya shi na ce, "Wa ya taka wannan?" Kika yi dariya kika ce sunansa fokaciya, na wata ƙasa ne can, kuma ke kika gasa shi a gida. Sannan kika faɗi maganar da ta kusa tayar mini da hawan jini: wai ba a murza shi ko sau ɗaya.

Na ce, "Burodin da ba a murza ba ai ba burodi ba ne, kwaɓin malalata ne."

Kika ce, "To ga malalaciyar a gabanka, Baba. Yara uku, aiki tun safe, ina na ga lokacin murza? Ci dai ka gaya mini laifinsa."

Na ci don in sami laifin. Bayansa ya yi ƙarau, cikinsa laushi, ga iska a ciki kamar an wuni ana dukansa a kan tebur. Na ce gishiri ya yi yawa. Na ci yanka na biyu don in tabbatar.

A bayan katin asibitina kika rubuta mini yadda ake yi, katin yana nan a aljihuna. Fulawa kofi huɗu, ruwa mai ɗumi kofi biyu, gishiri da yis ƙaramin cokali bibbiyu. A juya da cokalin katako har busasshiyar fulawa ta ɓace, shi ke nan, a cire hannu. A shafa man zaitun a kai, a rufe robar, a sa a firij ya kwana. Da safe a juye a farantin gashi da aka shafe da mai, a bar shi awa biyu ko uku ya saki jiki ya cika farantin. Sannan a shafa mai a yatsu, a buɗe su, a danna su cikin kwaɓin har su taɓa ƙasan faranti, a ɗaga, a matsa gaba, a sake dannawa, har ko'ina ya zama ramuka. A barbaɗa gishiri, a sa a tanderu mai zafi sosai minti ashirin da biyar. A ƙarƙashin wannan kika ja layi kika ƙara taki dokar: in jera yankakken tumatir a tsakiya ya raba farantin biyu, ɓangaren hagu in huda da hannun hagu, ɓangaren dama da hannun dama. Duk Alhamis in kawo miki ki duba. Kika ce ramukan za su gaya miki abin da yatsuna ke ciki fiye da duk abin da zan faɗa da baki.

Ranar da na fara, kwaɓin ya fito jagab, yana bin cokali. Hannuna ya tafi kai tsaye wajen buhun fulawa, mai ɗakina ta riga ni, ta ɗauke shi ta kulle a ɗaki, ta ce Malama ba ta rubuta a ƙara ba. Na kwana ina cewa asarar fulawa kawai aka yi. Da safe na buɗe firij na tarar ya ninka, ya taso har bakin murfi, yana ta ƙananan kumfa. Na daɗe a tsaye ina kallonsa. Shekara talatin da huɗu ina kashe kafaɗuna, ashe akwai kwaɓin da idan ka ƙyale shi zai yi aikinsa da kansa. Raina ya ɓaci, kuma na rasa wanda zan ɓata wa.

Ɓangaren hagu na huda shi tsaf, ramuka a jere. Da na zo dama, na ɗaga hannun da ɗan'uwansa na ɗora. Yatsun suka ƙi buɗewa. Na danna, suka lanƙwashe, gaba ɗaya dunƙulen ya nutse, na ja sai ya yago kwaɓin ya fasa iskar da ta kwana tana taruwa. Na dubi ɓarnar, na dubi ƙofa, mai ɗakina tana waje tana shanya. Sai na lallaɓa wurin na gyara, na juya farantin, gefen dama ya dawo hagu, na huda shi da hannuna mai lafiya. Ya fito daga tanderu gwanin sha'awa, ɓangarorin biyu kamar tagwaye.

Malama, maganar da na riƙe ke nan. Wata bakwai ina kawo miki faranti duk Alhamis, wajen talatin ke nan, kuma dukansu da hagu na huda su. Na ce wa kaina sai hannun ya ɗan yi ƙarfi tukuna, kamar ƙarfin daga sama zai faɗo. Gaskiyar ita ce ban iya ɗaukar mummunan burodi in ratsa titi da shi in ajiye a gaban mutane ba. Na zaɓi a ce Baba gwani ne, ko da hannun zai tafi.

Ke kuwa duk Alhamis sai ki ɗaga ƙyallen, ki sunkuya ki duba, ki zura ƙaramin yatsanki a rami ɗaya ko biyu, ki ce, "Ya yi kyau, Baba." Ki raba ɓangaren hagu ga masu jira a benci, ki naɗe na dama ki sa a jaka. Sannan ki ce, "Kawo hannun." Sai ki yi ta miƙar da yatsun nan ɗaya-ɗaya, ki tausa, ki ja, har in ji hawaye na neman zubo mini. Kin fi daɗewa a kaina fiye da kowa. Direban nan har tsiya yake mini, wai da burodi nake sayen lokacin Malama, shi ma zai fara zuwa da taya. Ina fita ina jin daɗin wayona, ban taɓa tambayar kaina me ya sa mai ramuka masu kyau haka yake buƙatar tausa fiye da kowa ba.

Mai ɗakina ta kama ni tun a wata na biyu. Ta tsaya a bakin ƙofar kicin tana kallona ina juya faranti, ta ce, "Wai kai wa kake yi wa wayo? Hannun nata ne ko naka?" Na ce ta fita harkar aikin da ba ta sani ba. Ta ce, "Shekara arba'in ina ganin taurin kanka, amma ban taɓa ganin ka yi wa kanka sata ba sai yanzu." Ta juya ta tafi, ta daɗe ba ta ƙara tayar da maganar ba.

Abin da ya girgiza ni ya faru ne a farkon watan nan. Kin auna yatsuna da ɗan ma'auninki na roba, kika sake aunawa. Ban taɓa ganin fuskarki haka ba. Kika ce a hankali, don kada na benci su ji, "Baba, sun fara taurin da nake tsoro." Ko kalmar taki ta "Sake" ba ki faɗa ba ranar. Na dawo gida ina ta juya maganar.

Alhamis ɗin da ta biyo baya, tara ga wata, na yi abin da kika ce in yi tun wata bakwai da suka wuce. Roba biyu nake kwaɓawa kullum, ɗaya ta gida ɗaya taki. Na juye ta farko, na jera tumatir, na huda hagu. Sannan na shafa wa hannun dama mai, na buɗe yatsun da ƙarfin tsiya, na ɗora, na danna. Ɗan manuni ya shiga, na tsakiya ya bi shi rabi, na kusa da shi ya goga sama kawai, ƙaramin ko taɓa kwaɓin bai yi ba. Na ɗaga na sake. Abin da hagu ke gamawa cikin minti ɗaya, sai da na yi kusan minti arba'in a kansa, rigata ta jiƙe sharkaf. Da ya fito daga wuta, ɓangaren dama abin kunya ne. Wani wuri ya kumbura ya ƙone, wani ya kwanta, ramukan da ba su yi zurfi ba duk sun rufe. Da wani yarona ne ya kawo mini irinsa a gidan burodi, da ranar ya ji ba daɗi.

Na tsaya a kansa ina kallo. Sai na ture shi gefe na rufe da kwano, na juye roba ta biyu, na huda ta duka da hagu. Ina fita mai ɗakina ta tare ƙofa ta ce, "Don Allah ka ɗauki wancan." Na ce ban taɓa fitar da irin wannan daga hannuna ba, kuma ba yau zan fara ba. Na ce mako mai zuwa zai fi kyau, sai in kai.

Ranar kin daɗe a kan farantin fiye da kullum. Kika ɗago kika ce, "Baba, ba abin da kake son gaya mini?" Maganar ta zo har bakina. Na ce gishirin yau kamar ya ɗan yi yawa. Kika yi murmushi, kika ce, "To, Allah ya kai mu Alhamis. Kawo hannun." Ganina da ke na ƙarshe ke nan, kuma ƙarya ce maganar ƙarshe da na yi miki.

Duk wannan makon kunya ta hana ni sakat. Mummunan burodin muka ci a gida, mai ɗakina tana ci tana cewa ita dai harshenta bai ji bambanci ba. Ranar Laraba da yamma, wato kina kwance a kabarinki da kwana ɗaya ban sani ba, na kwaɓa roba ɗaya tak, don in toshe wa kaina hanyar gudu. Da safe na huda dama da dama. Bai fi na farko kyau ba, sai dai yatsa na uku ya ɗan shiga. Na naɗe shi da ƙyalle na rungume, na fito ina maimaita abin da zan ce: Malama, wannan ne na gaskiya, sauran duk ƙarya ce, ki yi mini faɗan da za ki yi.

Na iso na tarar da bencin a cike. Direban yana zaune, ya ga faranti a hannuna bai yi mini tsiya ba, sai ya sunkuyar da kai. Ban kawo komai a raina ba. Na leƙa ɗakin, ga allon malami a bango, ga kwaɗon direba a kan tebur, ga wani mutum da ban sani ba a kan kujerarki. Na ce, "Malama ta makara ne yau?" Abokiyar aikinki ta miƙe ta zo wurina, idanunta sun kumbura. Ta ce, "Baba, ba a gaya maka ba? Mun kira kowa, lambarka ce ba ta shiga." Lambar da ke rajistar asibiti ta tsohon gidan burodinmu ce. Ita na bayar ranar da aka buɗe mini kati, don a lokacin ban yarda na bar aiki ba.

Ta faɗa mini. Na ji kalmomin sarai, amma sai na ce mata, "Ai burodinta na kawo." Ta sake faɗa. Na sake cewa burodinta na kawo, kamar idan na nace za a shiga ciki a kira ki. Sandata ta faɗi, wani ya tare ni ya zaunar. Farantin yana ƙirjina, ɗuminsa yana ratsa rigata, kuma wannan ɗumi shi ya fi komai rikita ni, don na kasa gane yadda burodi zai kasance da ɗumi a ce wadda aka gasa wa ta kwana biyu a ƙasa.

Direban ne ya kai ni gidanki, a motar ƙaninsa, shi yake tuƙi. Da hannun nan da kika yi wata tara kina fama da shi ya murɗa makullin. Sai da na sauka na ga mutane a zazzaune a ƙofar gida sannan na lura har yanzu ina rungume da faranti. Na rasa inda zan ajiye shi, na shiga da shi haka, tsoho da burodi a gidan rasuwa.

Ban taɓa ganin maigidanki ba, amma yana ganina ya taso. Ya ce, "Kai ne Baba mai burodi." Na yi masa gaisuwa da abin da bakina ya iya. Ya karɓi farantin don ya rage mini kaya, ƙyallen ya zame, ya duba. Sai na ga ya tsaya cak. Ya daɗe yana kallon ɓangaren nan da ya kumbura ya ƙone, sannan ya ce, "Baba, wannan da dama ka yi."

Na ce ta yaya ya sani.

Ya ce, "Duk gidan nan mun iya karanta burodinka. Duk Alhamis sai ta ajiye shi a tebur ta ce, yau ma hagu ce. Ta nuna mana, ramukan duka zurfinsu ɗaya, kuma na ƙaramin yatsa yana faɗawa gefen da bai kamata ba, ko an juya faranti. Tun na farko ta gane."

Na ce to me ya hana ta faɗa mini.

Ya ce, "Na tambaye ta. Ta ce mutum irin Baba idan ka kunyata shi ba zai dawo ba, kuma muddin yana zuwa, ko ba komai tana samun awa guda ta miƙar da yatsun da hannunta. Ta ce za ka kawo na gaskiya da kanka, ita dai tana jira. Har cewa take, ranar da Baba ya kawo mini mummuna, ni kaɗai zan cinye shi, ko yara ba zan sam wa ba." Ya ce, "Kwana biyu kacal, Baba. Da ta ƙara kwana biyu da ta gani."

Na bar shi a kan haka, ban gyara masa ba. To, ɗana, ka yafe mini, a nan zan gyara maka. Ba kwana biyu ba ne ya raba ta da ganinsa. Akwai wanda na yi tun tana da rai, kwana biyar kafin rasuwarta, ya fito mummuna kamar yadda take so, na rufe shi da kwano na kai mata na ƙarya. Ta tambaye ni da bakinta ko akwai abin da zan gaya mata, na ce gishiri. Ba ajali ne ya hana ta wannan farin ciki ba, ni ne, da girman kaina na banza. Wata bakwai tana rufa mini asiri, tana ƙara mini lokaci daga nata, ni kuma ina tsammanin na fi ta wayo.

Malama, na yi aiki da mutane da yawa, kuma na san bambancin mai yin aiki don a gani da mai yin sa don ya yi kyau. Ban taɓa ganin wanda ya haɗa ƙwarewa da haƙuri da sanin darajar mutum kamar ke ba. Kin san ina yi miki ƙarya, kika ci gaba da kirana Baba, ba ki taɓa bari na benci su gane ba. Ina jin kunya, ina jin baƙin ciki, kuma har yanzu idan Alhamis ta zo sai in ji kamar kuskure aka yi, kamar zan shiga in tarar da ke kina ɗaga allon malami.

Allah ya jiƙan ki, ya gafarta miki, ya rufa miki asiri kamar yadda kika rufa mini. Duk hannun da kika buɗe da duk ƙafar da kika tayar, Allah ya sa su zame miki shaida ranar da kowa ke neman mai shaida. Ya haskaka kabarinki, ya yalwata shi, ya sa Aljanna ce makomarki. Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanki, Allah ya ba shi juriya ya kama masa. Ga 'ya'yanki uku, Allah ya raya su ya shirya su, ya haɗa su da masu tausaya musu kamar yadda uwarsu ta tausaya wa iyayen wasu. Ga mahaifiyarki da aka ce tun ranar ba ta iya cin abinci ba, Allah ya sanyaya mata zuciya. Ga abokan aikinki, da mu 'yan benci da aka bari da rabin hannu da rabin ƙafa. Mu kuma Allah ya kyautata namu ƙarshen.

Jiya Alhamis na sake kai faranti gidanki, kuma na roƙi maigidanki ya bar ni in riƙa kaiwa. Babbar 'yarki ce ta karɓa. Ta ɗaga ƙyallen, ta sunkuya ta duba ɓangaren dama, ta zura yatsanta a rami, irin yadda kike yi sak. Ta ce, "Kaka, ƙaramin yatsan bai taɓa ƙasa ba."

Na ce haka ne, bai taɓa ba. Na ce mata zan sake.